Bikin Bakin Teku: Ina Aka Bar Dangi?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta kunno kai a cikin manyan gidajen ƙasar nan, watau a ɗauke bikin aure ɗungurungum daga garin iyaye a kai shi wata ƙasa ta ƙetare, a kama otal a bakin teku, a kafa rumfa bisa rairayi, a yi kwana uku ko huɗu ana shagali, sa'an nan a komo gida da hotuna. Mawaƙan Kudu su ne suka fi fito da abin fili, gama Innocent Idibia ya yi nasa a Dubai cikin 2013, Davido kuma ya yi nasa a Mayami ta Amurka cikin 2025. Amma duk mai riƙe da waya ya san iskar nan ta iso Arewa. Yau a Unguwar Dosa, da Malali, da Unguwar Rimi, za ka ji 'yan mata da samari waɗanda ko Ikko ba su taɓa zuwa ba suna gardama a kan wanne ya fi dacewa da biki, Dubai ko Zanzibar ko Sharmul Shaikh ta Masar. Ra'ayina shi ne wannan al'ada ɓarna ce, kuma mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata, waɗanda aure ke gabanmu, mu ne ya fi kamata mu auna ta tun ba ta zama dole a kanmu ba.

Adalci ne a fara jin hujjar masu yi, domin ba duka ne marasa tunani ba. Suna cewa bikin gida ya zama jidali. Ka gayyaci mutum ɗari biyu, dubu su zo, abinci ya kasa, maroƙa su hana ango sakat, a tashi da sata da tsegumi. A can kuwa mutum hamsin ne, kowa da kujerarsa. Suna kuma kawo maganar tsaro, su tuna mana da shekarun da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin tsoro, da harin da aka kai wa jirgin ƙasa ran 28 ga Maris 2022 ya bar mana tabo, su ce wa zai tara manyan baƙi a inda hankali bai kwanta ba. Wasu kuma 'ya'yansu sun warwatsu, ango yana aiki a Ingila, amarya tana karatu a Malesiya, sai su ga kamar haɗuwa a tsakiya ta fi sauƙi. Daga ƙarshe su rufe da cewa kuɗinsu ne, ba su roƙi kowa ba. Waɗannan hujjoji suna da nauyinsu, zan kuwa komo kansu ɗaya bayan ɗaya. Amma bari mu fara duba abin da shirin irin wannan biki yake ci.

Kowane baƙo sai ya mallaki fasfo. Sai an nema masa biza in ƙasar tana bukata, sai an yanka masa tikitin zuwa da dawowa, kuma tun da yake daga Kaduna aka tashi, sai an fara kai shi Abuja ko Kano ko Ikko kafin ya hau jirgin ƙetare. Sai ɗakin otal, da abinci, da motar da za ta ɗauke shi, da kuɗin wurin taro, da ladan kamfanin da zai shirya bikin, da mai ɗaukar hoto. Duk wannan da dala ake biya, ko da kuɗin da sai an sayi dala kafin a same shi. To, mu ƙaddara, don misali kawai, kowane baƙo zai ci dala 2,000, mu kuma ƙaddara baƙin hamsin ne. Dala 100,000 ke nan. A shekarar 2024, lokacin da dala ɗaya ta haura Naira 1,500, wannan ya kama Naira miliyan 150. A cikin wannan shekarar aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. Mai ɗaukar wannan albashi, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi shekara 178 yana tari kafin ya haɗa kuɗin kwana huɗun nan.

Bayan kuɗi kuma akwai wulaƙancin da ba a sa shi a hoto. Wanda ya kai bikinsa ƙasar wani ya sa ranar aurensa a hannun jami'in da bai san shi ba. A watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, kamfanin Emirates kuma ya dakatar da jiragensa zuwa ƙasar nan, ba a sake buɗe bizar ba sai Yuli 2024, jiragen kuwa sai Oktoba 2024. Duk wanda ya riga ya sa rana a Dubai a wancan lokaci, ya kuma biya kuɗin kama wuri, sai dai ya rungumi ƙaddara. A gida kuwa, in iyaye sun sa rana, ba mai hana kawu shiga zauren ɗan'uwansa, ba kuwa wanda zai tambayi gwaggo takardar banki kafin ta ga 'yar ƙanenta ranar aurenta.

Wannan ya kawo mu ga zuciyar maganar, watau mene ne biki a wurin Bahaushe. Tun daga gaisuwar iyaye, da sa rana, da kai lefe, da kamu, da sa lalle, da ɗaurin aure, da yinin biki, da kai amarya, da buɗar kai, har zuwa gara, kowane mataki akwai mutanen da aka ba haƙƙinsa. Kawunnai ke karɓar sadaki, gwaggwanni da innoni ke buɗe lefe su ƙidaya, akwai wadda ke wankan amarya, akwai ƙawaye, akwai abokan ango da ke sayen baki, akwai tsofaffin da ke yi wa yarinya faɗa kafin ta bar gidan ubanta. Kalmar biki kanta tana nufin gudummawar da mace ke kai wa 'yar'uwarta ranar hidima, wadda za a rama mata, har da ƙari, ran da tata ta taso. Wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga cikin 1954, zai ga yadda rayuwar mace duka take ɗaure da wannan ba-ni-in-ba-ka. Ashe biki bashi ne da ke yawo tsakanin gidaje, shi ne kuwa igiyar da ta ɗaure unguwa.

To, in an ce mutum hamsin kaɗai jirgi zai ɗauka, wa za a zaɓa? Kowa ya san amsa. Za a zaɓi mai fasfo, da mai iya sayen ankon da aka fitar, da wanda hotonsa zai ƙawata taro, da abokin kasuwancin uba. Kaka da ƙafa ta hana ta hawa bene ba ta ciki. Gwaggon da ta goya amarya sa'ad da uwarta ke makaranta ba ta ciki. Maƙwabciyar da ta shekara ashirin tana kai biki gidan, tana jiran ranar da ita ma za ta ɗaura ɗankwali ta yi kai da kawo a tsakar gidan, ita ma ba ta ciki. Malamin allon da ya koya wa ango Fatiha ba ya ciki. Waɗannan duka za su ga bikin a waya, in sun sami mai nuna musu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa mun kai biki inda ƙafa ba ta zuwa, sa'an nan mu dawo muna mamakin yadda zumunci ya yi sanyi.

Kada kuwa a ɗauka maganar jin daɗin tsofaffi ce kurum. Taron biki jingina ce ga auren kansa. Ran da zama ya yi tsami, kuma kowane zama yana da irin wannan rana, waɗanda suka ci goron auren su ne ke da bakin shiga tsakani. Kawun da aka ba girmansa ya karɓi sadaki shi ne zai kira ango ya zaunar da shi. Gwaggon da ta kai amarya ɗaki ita ce za ta mai da ita in ta yi yaji. Amma wanda aka nuna masa tun farko cewa bai kai a tafi da shi ba, in an zo masa da ƙara daga baya, sai ya ce a kai wa waɗanda suka je bakin teku. Su kuwa waɗancan sun riga sun watse, kowa ya kama gabansa, mai otal ma ya shimfiɗa wa wasu rumfar.

Ta fuskar addini ba zan ce abu kaza haram ne ba, wannan aikin malamai ne. Amma abin da kowane ɗalibin Risala ya sani shi ne rukunan aure ba su da tsada: waliyyi, da sadaki wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne a mazhabar Malikiyya, da shaidu biyu, da siga. An so a bayyana aure jama'a su sani, an kuma so a yi walima gwargwadon hali, har ya zo a hadisi cewa an umurci Abdurrahman ɗan Aufu ya yi tasa ko da akuya guda ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito zargi a kan walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, Suratul Isra'i kuma ta yi hani mai tsanani ga almubazzaranci. Sau da yawa masu bikin ƙetare sukan ɗaura aure a masallacin gida, a raba goro da alawa cikin minti goma, sa'an nan a kwashi zaɓaɓɓu a tafi cin walimar can. Aure ya ɗauru, babu shakka. Amma sai mai hankali ya tambayi kansa, wace walima ce ta fi kama da wadda aka zarga in ba wadda ƙofarta sai da biza ba?

Sa'an nan ga maganar tattalin arziki, wadda ta shafi Kaduna kai tsaye. Biki ɗaya na mai hali a Unguwar Dosa abinci ne ga gidaje da dama. Tela zai kwana ɗinki, mai ƙunshi za ta samu, da mai kitso, da masu tuya dubulan da alkaki da nakiya da cincin, da mahauci, da mai hayar kujeru da rumfa, da kafintan da ya yi gado, da mai adaidaita sahu da ya yi jigilar mata, da 'yan goro, da masu hatsi da kayan miya na kasuwar Kawo, da 'yan atamfa na kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Har almajiri ya san gidan da ake biki. Kuɗin yana fita daga aljihun mai shi ya shiga unguwa, ya yi ta zagayawa. Idan aka ɗauke bikin zuwa ƙetare, an ɗauke wannan duka an miƙa wa kamfanin jirgi da mai otal na wata ƙasa, an kuma ƙara wa dala masu nema a kasuwar da manomi ke jiran ta don taki, mara lafiya ke jiran ta don magani, ɗalibi ke jiran ta don littafi.

Garin nan ya taɓa ganin irin wannan asara. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, wasu masaƙu suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan, dubban gidaje suna ci daga gare su. Masaƙar farko ta tsaya cikin 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta rufe cikin 2007. Dalilan suna da yawa, akwai rashin wuta, da tsufan injuna, da fasa-ƙwauri, amma a cikinsu har da raina namu. Yau ka buɗe akwatin lefe ka ga atamfar Holan, da shaddar Ostiriya, da leshin Suwizalan, da tarkacen Sin. Da farko kayan biki muka mai da na waje, yanzu kuma bikin kansa muke son fitarwa. Iyayenmu sun ga zamanin Udoji cikin 1975, lokacin da kuɗin mai ya sa kowa ya ɗauka rana ba za ta faɗi ba, Naira tana gaban dala, ana odar kome daga waje. Sun kuma ga tsuke bakin aljihu na 1982, da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 wanda ya karya darajar Naira. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani zai ce, to, mu da ba mu da ko kuɗin motar Abuja, ina ruwanmu da abin da attajirai ke yi? Ruwanmu babba ne, domin al'ada daga sama take gangarowa. Liyafar dare a zauren haya, da hotunan kafin aure, da anko kala-kala, da akwatunan lefe jere, duk a manyan gidaje suka fara, yau ga su a wuyan malamin firamare da akawun ma'aikata. Wanda bai iya zuwa Zanzibar ba zai ci bashi ya kama zaure mafi tsada a Kaduna don kada a ce ya kasa. Yarinya ta ga na ƙawarta ta raina abin da saurayinta ya iya, saurayi ya auna albashinsa ya ja da baya, shekaru su yi ta tafiya. Ga shi har sai da gwamnati ta shiga aurar da mutane. Jihar Kano ta fara auren gata ta hannun Hisba cikin 2012, a watan Oktoba na 2023 kuma ta aurar da mata 1,800 a kan kuɗi sama da Naira miliyan 800, watau ƙasa da rabin miliyan kowane aure, har da gado da sadaki. A wannan lissafi, miliyan 150 ɗin da muka ƙaddara ɗazu za su kafa gida wajen ɗari uku. A ƙasa ɗaya ake waɗannan aurarraki biyu.

Yanzu mu koma ga hujjojin masu yi. Game da cunkoso, maganinsa a hannunmu yake: a rage yawan shagulgula, a yi walima ɗaya da rana, a dafa abin da zai ishi jama'a. Mai iya ɗaukar mutum hamsin zuwa Dubai ba zai kasa ciyar da unguwarsa shinkafa ba. Game da tsaro, tsoron gaskiya ne, amma masu ƙarfin faɗa a ji in suka mai da gudu maganin kowace matsala, asibiti a waje, makaranta a waje, hutu a waje, yanzu har biki a waje, wa ya rage da zai matsa wa hukuma ta gyara hanya? Talaka dai bai daina aurar da 'yarsa a Kawo da Badarawa ba ko a shekarun da abin ya fi muni. Game da 'ya'yan da ke ƙetare, su biyu ne, dangi kuwa ɗaruruwa, sauƙin a ɗauko biyu ya fi na a kwashi hamsin a bar sauran. Wanda larura ta gaske ta hana shi dawowa, wannan uzurinsa daban ne, ba kuwa da shi nake ba.

Saura hujjar ƙarshe, cewa kuɗinsu ne. Na yarda, in ta hanyar halal aka same su, ko da yake wanda duk aikinsa na gwamnati ne, albashinsa kuma a rubuce yake, ya kamata ya yi tsammanin jama'a za su yi lissafi in sun ga ya kwashi jirgi guda zuwa bikin 'yarsa. Amma ko mai halal ɗin, dukiyarsa ba ta sauke masa haƙƙin dangi da maƙwabta ba. Kuma rashin kuɗi ba shi ke sa a ɗaura aure a gida ba. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ba a yi masa gorin arziki a nahiyar nan, a Kano aka ɗaura auren 'yarsa Fatima cikin Maris 2018, sa'an nan aka yi liyafa a Ikko, manyan baƙi irin su Bill Gates su ne suka tako zuwa Nijeriya. Ba ina yabon yawan kashe kuɗi ba ne don an yi shi a gida, almubazzaranci a ko'ina sunansa almubazzaranci. Abin lura dai shi ne mai daraja ba ya bukatar aron gaɓar tekun wani kafin a san ya aurar da 'ya.

Saboda haka ina kira gare mu, 'yan'uwana ɗalibai maza da mata, da ƙananan ma'aikata, mu yanke wa kanmu shawara tun yanzu. Mu ɗaura aurenmu a masallacin unguwarmu, mu yi walima inda kaka za ta iya zuwa da sandarta. Wanda Allah ya hore masa, kuma ransa ke marmarin ganin teku, ya ɗauki matarsa su tafi su biyu bayan an sallami jama'a, ba mai ganin laifinsa. 'Yan'uwanmu mata masu ilmi su ne suka fi kowa iko a nan, domin in amarya ta ce ba ta son a ci bashi saboda ita, babu uwar da za ta tilasta. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai su sa wannan magana cikin muhawarorinsu, limamai su taɓo ta a huɗuba, masu unguwanni da dattawa kuma su zauna su daidaita abin da ya kamata a kashe a lefe da liyafa, yadda mai ƙaramin albashi zai yi aure bai sunkuyar da kai ba. Mu kuma daina yaɗa hotunan irin waɗannan bukukuwa muna sambarka, gama yabonmu shi ne ribar da masu yi ke nema.

Gobe mu ne za mu zama manyan sakatarori, da likitoci, da 'yan majalisa, da iyayen amare. Abin da muka saba wa zukatanmu yau muna aji, shi za mu aikata ran da kuɗi suka zo hannu. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a aurarrakinmu, ya kuma bar mu da danginmu. Amin.